Ƙwalwa, sarkin jiki

Ƴan'uwa masu yaƙi da jahilci, duk wanda ya taɓa hwasa kan rago ya ga ƙwalwa: hwara ce, mai taushi. Ta mutum ta hi ta girma. Nauyinta ya kusa kilo 1 da rabi. Cikinta akwai ƙananan ƙwayoyi wajen miliyan dubu 86, waɗanda ido ba ya gani.

Mi ne ne aikinta?

Ƙwalwa ita ce sarkin jiki, jijiyoyi su ne manzanninta. In ƙaya ta soke ka, labari ya na bin jijiya da laka har ya kai gare ta. Gani, ji, magana, tahiya, tunani, har karatun da mu ke koyo, duk aikinta ne.

Kowane aiki da wurinsa. Wajen ƙeya ke kula da gani. Gindin ƙwalwa ke kula da numhwashi. Gehen hagu ke sarrahwa hannu da ƙahwa na dama. A 1861, wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba ƙwalwar wani majinyaci da maganarsa ta ɗauke. Ya tarar da ciwo a gaba, gehen hagu. Ta haka aka gane wurin magana. A 1924, Hans Berger na ƙasar Jamus ya auna ƴar wutar lantarkin da ƙwalwar mutum ke aiki da ita.

Hwarhwaɗiya

Wannan wuta ta kan rikice na ɗan lokaci. Sai mutum ya hwaɗi, jiki na karkarwa, baki na kumhwa. Ita ce hwarhwaɗiya. Ciwon ƙwalwa ce, kamar yadda tari ya ke ciwon ƙirji. Sanƙarau, zazzaɓin sauro mai tsanani, wahalar haihuwa ko buguwa a kai su na iya kawo ta.

A garuruwa da yawa a na gudun mai hwarhwaɗiya. A ware masa ƙwarya, a hana shi lakwal. In ya hwaɗi kusa da murhu, kowa ya ja da baya har ya ƙone. Wannan kuskure ne babba. Ba a ɗaukar ta ta miyau, ko ta taɓa jiki, ko ta cin tuwo tare.

In mutum ya hwaɗi gabanka:
1. Ka janye shi daga wuta, rijiya ko hanya.
2. Ka sa zane ƙarƙashin kansa.
3. Kada ka danne shi. Kada ka sa masa cokali, ruwa ko hura a baki.
4. In karkarwa ta tsaya, ka kwantar da shi bisa haƙarƙari.
5. In ta wuce minti 5, a kai shi gidan likita maza-maza.

Akwai magani. Cikin mutum 10, wajen 7 na iya daina hwaɗuwa in su na shan shi kullum. Ba a barin shi sai likita ya ce.

Mu kare ƙwalwar ƴaƴanmu: a yi musu lamba, su kwana cikin gidan sauro, mata su haihu gidan likita.

Tambayoyi
1. Wane gehen ƙwalwa ke sarrahwa hannun dama?
2. A garinku, yaya a ke zama da mai hwarhwaɗiya? Mi ya kamata a sake?