Cinikin Biri a Sama: Nasiha kan Gwanjon Salula

Ƴaƴana na Madawa da Buza da Keita, na gida da waɗanda ke can ci-rani.

Zance nake so mu yi a kan wata kasuwa da ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa, ba ta da ranar ci. A Facebook da WhatsApp da TikTok ake baje kolinta: babur, salula, injin ban-ruwa, faifan sola, ragon layya, atamfa da leshi, har mota. A ce gwanjo ne, wanda ya fi tayi ko ya riga turo kuɗi shi ke da kaya. Ban zo in hana ku shigarta ba, don mutanen kirki da yawa suna cin halaliyarsu a ciki. So nake ku shiga da idonku biyu.

Gwanjo kansa ba laifi ba ne. An ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wani mutumin Madina ya zo roƙo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya sa shi ya kawo abin da ya mallaka, shimfiɗa da ƙwaryar sha, ya ɗaga su a gaban sahabbai. Wani ya taya dirhami 1, aka nemi mai ƙari, wani ya ba da 2, aka sallama masa. Ku lura da yadda aka yi cinikin. Kaya a hannu, mai kaya a tsaye, masu tayi suna kallon juna.

Haka muka gada a kasuwanninmu. Baƙo ya kora sa zuwa Tunfafi, ba ya tsayawa shi kaɗai da mai saye, sai an sa dillali. La'adar da dillali ke karɓa ba ladan surutu ba ce, kuɗin fuskarsa ce. In gobe aka ce san na sata ne, wuyansa za a riƙe, an san gidansa, an san mai garinsu. Albasa ma haka. Daga Arewa da Sabon Gida da Karofane da Tamaske ana loda kamyo zuwa Kumasi da Akara da Abijan, sau da yawa ba a ga ko dala ba sai an sayar, saboda mai masaukin da ke can ɗan gida ne, iyayensa na nan cikinmu. Ba wayo ne ya tsare dukiyar iyayenku ba, sanayya ce. Salula ta kawo mana mai saye da mai sayarwa daga nesa, amma ta baro dillali a baya. Duk damfarar da zan ambata muku ta wannan ƙofa take shigowa.

Waɗanda suka ƙirƙiro gwanjon intanet ma sun ɗanɗana. A 1995 wani mai suna Pierre Omidyar ya buɗe dandalin da ya zama eBay a Amurka, kuma tun a 1996 sai da aka ƙara wurin da masu ciniki ke ba da shaida a kan juna, don a san mai amana. Duk da haka, a 2000 wani lauya a Kalifoniya, Kenneth Walton, ya sa wani zane a gwanjo bayan ya rubuta masa haruffan sunan shahararren mai zane Richard Diebenkorn. Ya buɗe tayi da ƙasa da dalar Amurka 1, farashi ya yi ta hawa har ya kai dala 135,805. Bincike ya nuna shi da abokansa sun saba shiga gwanjonsu da sunaye barkatai suna taya kayan kansu. A 2001 ya amsa laifinsa a kotu. Wannan dabara tsohuwa ce, ita ce najashi da Annabi ya hana, hanin kuwa na cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik: mutum ya ƙara tayi ba don yana son kaya ba, sai don ya ruɗi wani. A kasuwar fili najashi na bukatar ƴan kore biyu ko uku. A zauren WhatsApp mutum ɗaya mai salula uku ya isa. Masu rubuta "na saya a wurinsa, mutumin kirki ne", watakila duk yatsa ɗaya ne ya rubuta.

Ku da kuka zauna gaban malam kun karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, shekara fiye da dubu ke nan. A babin ciniki ya halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ya hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a gani, sai in abin yana kusa, ko kuwa irin wanda ba ya sauyawa ne, kamar gida da gona. Hoton da aka turo maka siffa ce kawai. Ka iya yin tayi a kansa, ka iya ƙulla magana, amma kuɗinka su dakata sai ido ya gani. Bahaushe ya taƙaita shi da cewa ba a cinikin biri a sama.

Yanzu ga yadda ƴan damfara suke zuwa. Na farko shi ne gwanjon duwan, wato kwastan. Za ka ga hoton mutum da kaki, bayansa motoci ko babura jere, an rubuta kayan da aka kama ne ake karyar da su. Babur ɗin da ka san kuɗinsa, a misali, jaka 600, a ce ka kawo jaka 250. Da ka yi magana sai a ce ka turo kuɗin rajista. Ka turo, a ce saura na takardu. Ka turo, a ce direba ya taso daga Lome an tsare shi a hanya, sai an ba da na shinge. Kowane biya ƙarami ne in an gwada shi da abin da ka riga ka zuba, shi ya sa mutum ke ta bin kuɗinsa da wasu kuɗin har ranar da lambar ta daina shiga. Hukumar kwastan ta Najeriya ta buɗe nata dandalin gwanjo na intanet a 2017, kuma ta sha fitowa tana gargaɗi cewa ba ta sayar da mota ta Facebook ko WhatsApp, masu amfani da hotunan manyanta ƴan damfara ne. Ko can ko nan, gwanjon hukuma da sanarwa ake yinsa, kuɗinsa kuma asusun hukuma suke shiga da resi. Ba a tura su ga sunan wani mutum.

Alama biyu ba sa rabuwa da wannan ciniki: araha da gaggawa. Arahar don ta tayar da kwaɗayi, gaggawar don kada ka samu sukunin yin shawara. "Mutum uku na jira, in ba ka turo kafin la'asar ba na ba wani." Wani lokaci a ƙara da cewa kada ka gaya wa kowa, sirri ne na cikin ofis. Ɗana, duk cinikin da ba zai jure kwana ɗaya da shawarar mutum ɗaya ba, bar shi ya wuce. Kada sallama da ambaton Allah su ruɗe ka. Mai damfarar yau Hausa yake yi irin taka, ya san sunan garinku, ya iya gaisuwa fiye da ni da kai.

Akwai wata da ta fi wannan zurfi, don tana kama har mai cewa sai ya gani. Ɗan damfara ya ɗauki hoton babur na gaske da wani ke sayarwa a Ƙonni ko Maraɗi, ya sake tallarsa da rabin kuɗi. Ya ce maka babur ɗin na wurin ƙanensa, je ka duba, amma kada ka yi zancen kuɗi da yaron. Ya kira mai babur ya ce zai aiko yaronsa ya duba, kada ya faɗa masa farashi. Ka je ka gani, ka hau ka zaga, hankalinka ya kwanta, ka tura kuɗi ga na cikin waya. Shi ya yi layar zana, ku biyu kuna cacar baki a gaban jandarma. Don haka gani kaɗai bai isa ba. Ka tambayi wanda kaya ke hannunsa: naka ne? Nawa ka sallama? Ina takardu, sunan wa ke ciki? Kuɗi kuma a hannun mai riƙe da kaya ake sa su, gaban shaidu.

Ku masu albasa, ta ɓangaren sayarwa ake biyo muku. Lokacin da kaya suka yi yawa bayan girbi, farashi ya faɗi, bashin taki da na mai ya taso, sai ga kira daga wani Alhaji da ba ka taɓa ji ba, ya ɗora a kan farashin kasuwa, ya ce kamyonsa na hanya. Kafin a gama lodi ya turo hoton resi, ko saƙo ya shigo cewa kuɗi sun sauka. Hoton resi ba kuɗi ba ne, yaro mai salula na iya ƙera shi kafin shayi ya tafasa. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana sun rage mana wahalar tafiya da tsabar kuɗi a jiki, to ku yi amfani da su yadda ya kamata: a je ofishinsu a karɓa a ƙirga, ko ka buɗe asusunka da hannunka ka ga abin da ke ciki, sannan taya ta motsa. In ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da ƙima, ka mayar masa da ragowa, kada ka mayar da ko dala sai ka tabbatar. Gara albasa ta ƙara kwana a rudu da ta tafi a banza. Baƙon mai saye kuma a haɗa shi da dillalin da aka sani. La'adar da kake ƙyashin bayarwa ita ce mafi arahar tsaro.

Ƴaƴana mata, ku ma ana shigo muku ta zaurukan kayan ɗaki da na lefe. A nuna atamfa mai kyau, a karɓi kuɗi, ko dai shiru ko kuma a aiko da wata daban. In mai kaya tana Kano ko Yamai, ba za a rasa ɗan'uwa ko direban tasha da aka sani ba. A ba shi ya je ya gani, ya biya, ya ɗauko. Ku fara da kaɗan kafin ku zuba kuɗin adashi gaba ɗaya.

Sai maganar lambobin sirri. WhatsApp na turo lamba 6 ga mai son buɗe asusu a sabuwar salula. Wani zai kira ka ya ce an sa ka a zauren gwanjo ko na tallafi, ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Da ka karanta ya ƙwace asusunka, ya shiga bin mutanenka da sunanka da hotonka yana tallar kaya ko neman rance. Da mutuncinka zai yi sata. Wannan lamba da ta asusun kuɗinka, ko wanda ya ce daga kamfani yake ba a ba shi. Ku sa yaran da suka iya su kunna muku makulli na biyu da ke cikin WhatsApp. In saƙon neman kuɗi ya zo daga ɗanku na Libiya ko Abijan, ku kira shi, ku tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

Akwai kuma nasihar da ta fi min nauyi. Wani zai ce ka ara masa katin ɗan ƙasarka ya karɓi saƙo, ko layin da aka yi wa rajista da sunanka, ya ba ka na goro. Ran da asiri ya tonu, sunanka ke rubuce, shi ba a san fuskarsa ba. Nijar na da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 a kan laifukan intanet, akwai ɗauri akwai tara. Ko babu doka, kuɗin da aka raba marainiya ko manomi da su ba sa yin albarka. Wanda kuma ya iya salula har yake jin zai gwada wannan hanya, ya sani wanda bai gani ba ɗin nan mutum ne, hakkinsa na nan yana jira.

In ƙaddara ta riga fata an cuce ka, kada kunya ta rufe maka baki. An cuci malamai, an cuci manyan ƴan kasuwa. Ka yi maza zuwa ofishin da ka tura kuɗin, wani lokaci ana samu ba a kai ga cirewa ba. Kada ka goge saƙo ko murya ko lamba, ka adana resi, ka kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma. Ka sanar a zauren da ka ga tallar, ka faɗa a majalisa, don ɗan damfara da shirun mutane yake ci. Sannan ka kiyayi wanda zai ɓullo daga baya ya ce zai ƙwato maka kuɗinka in ka ba shi wani abu. Sau da yawa su ne suka dawo da wata riga. Mu kuma na gida kada mu yi wa wanda abin ya faɗa wa dariya. Dariyarmu ce ke sa na gaba ya ɓoye.

Ku yi talla a salula, ku nemi farashin Kumasi da na Abijan a salula, ku yi tayi a salula. Amma in an zo biya, ku nemo mutum mai fuska da gida wanda zai tsaya tsakani, kamar yadda iyayenku ke yi. Allah ya sa albarka a nemanku, ya tsare ku daga cin haram da kuma macuta, ya ba mu damina mai albarka. Amin.