Darasi: Tsohon Kaya, Sabon Taimako

A shekarar 1972, mata huɗu na ikilisiyar Mennonite a garin Altona, ƙasar Kanada, suka buɗe shagon gwanjo. Jama'a kan ba da tufafi, kwanuka da kayan kaka da kakanni kyauta. 'Yan sa-kai su gyara su sayar, ribar ta tafi ga hukumar agajinsu, MCC. Yau irin waɗannan shaguna sun bazu a Kanada da Amurka.

Mai saye ya sami araha, mai yunwa a nesa ya sami abinci. Mu tuna, Yesu ya sa an tattara ragowar gurasa don kada ta lalace (Yohanna 6:12).

Tambayoyi:
1. Me muke ajiye da shi a ɗaka, alhali maƙwabci na bukatarsa?
2. Yaya zumuntar matanmu za ta fara wannan ranar kasuwa?