Darasin Mako: Karin Maganar Filin Wasa

Darasinmu na wannan mako ya fi shafar masu shirin rubuta WAEC da NECO, domin a jarrabawar Turanci akan kawo karin magana a ce mu zaɓi ma'anarta, kuma a nan ake yawan zubar da maki.

Mu fara daga gida. A fagen dambe za mu ji an ce wane ya kashe wane a turmi na biyu. Baƙon da bai san dambe ba sai ya ɗauka rai aka rasa, alhali kisa a nan shi ne kai abokin karawa ƙasa, turmi kuma zagaye ne, ba na daka ba. Daga kokawa muka samo "ya sha kaye", har muna faɗa wa wanda ya faɗi zaɓe. In Katsina United ta tashi ɗaya da ɗaya a filin wasa na Muhammadu Dikko, cewa muke an yi kunnen doki, domin kunnuwan doki ba wanda ya fi wani tsawo.

Haka abin yake a Turanci. Yadda muke fareti ranar 1 ga Oktoba don tuna 'yancin 1960, Amurkawa na bikin nasu ranar 4 ga Yuli don tuna 1776, da tutoci da wasan wuta da kallon besbol. Wasannin nan sun shige musu baki. Ga guda huɗu mu riƙe:

1. "Throw in the towel": daga damben Turawa. In ɗan dambe ya jigata, mai horar da shi kan jefa tawul cikin fage. Ma'ana, a miƙa wuya.

2. "Below the belt": a damben nan haramun ne naushi ƙasa da ƙugu. Ma'ana, cin zarafi ta hanyar da ba ta dace ba.

3. "The ball is in your court": daga tanis. Ƙwallo ta faɗo ɓangarenka. Mu sai mu ce dabara ta rage ga mai shiga rijiya.

4. "Three strikes": a besbol, mai bugu in ya kuskure sau uku ya fita. A 1994 jihar Kalifoniya ta yi dokar tsananta hukunci ga mai maimaita babban laifi karo na uku, aka laƙaba mata wannan suna.

Saboda haka in mun ci karo da irin wannan a jarrabawa, kada mu bi kalma-kalma. Mu tambayi kanmu: daga wane wasa ta fito, me kuma ke faruwa a filin?

Aikin mako: kowane aji ya tambayi iyaye da kakanni karin magana uku daga langa, kokawa ko sukuwa, ya miƙa wa ƙungiyarmu kafin Juma'a. Waɗanda suka fi armashi za mu liƙa su a wannan allo. Allah ya ba mu sa'a.