Ƙwaron da ke cikin katifa

A Dassasgho, kamar sauran unguwannin Wagadugu, kowa ya san ƙurar hunturu. Tana rufe rana, ta shiga ido da hanci. Amma akwai yaran da suka fi wahala da damina, lokacin da ƙura ta kwanta. Da sun farka da safe sai atishawa, hanci yana zuba, idanu suna ƙaiƙayi. Iyaye su ce mura ce. Mura kuwa mako ɗaya ko biyu take yi. Wannan watanni take ɗauka, kuma babu zazzaɓi.

Likitoci sun daɗe suna zargin ƙurar ɗaki, amma ba su san abin da ke cikinta ba. A shekarar 1964, wani likita ɗan ƙasar Holan, Reindert Voorhorst, da abokan aikinsa suka nuna cewa wani ƙaramin ƙwaro ne. Da Faransanci ana ce masa acarien. Ƙafafunsa 8, kamar gizo-gizo da kaska. Sai an jera guda 3 kafin su kai milimita 1, don haka ido ba ya ganinsa. Ba ya cizo. Abincinsa ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mutum, shi ya sa yake zama cikin katifa da matashin kai da bargo. Ruwansa daga laimar iska yake samu. Damina tana yi masa daɗi, hunturu kuwa ya busar da shi.

Kashin ƙwaron ne yake kawo ciwon. Kowa yana shaƙarsa, amma jikin wasu yakan ɗauke shi abokin gāba. Sai cikin hanci ya kumbura, ya toshe. Idan abin ya gangara hanyoyin iska na huhu, su ma su kumbura, su matse, majina ta taru. Sai tari da dare, numfashi yana fita kamar fito. Wannan ita ce fuka. Yaron da numfashi ya gagare shi, a kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.

A gida, a riƙa shanya katifa da bargo a rana, a wanke zanen gado da ruwan zafi. Kafin shara a yayyafa ruwa, mai fuka kuma ya fita waje.

Tambayoyi
1. Me ya bambanta wannan ciwo da mura?
2. Don me ƙwaron ya fi yawa da damina?