Ga iyayen 'yan mata 'yan makaranta a ƙasar Yauri

A 1998 Barbara Fredrickson da abokan aikinta suka yi wani gwaji a Amurka. Ɗalibai mata da aka sa su gwada rigar ninƙaya ba su kai waɗanda suka sa rigar sanyi ƙoƙari a lissafi ba, alhali kowace ita kaɗai ce a ɗaki. Tunanin yadda ake kallon jikinta ya cinye hankalin da za ta ba tambayoyin.

Haka abin yake ga yarinyar da ke tallar soyayyen kifi a kasuwar Yauri ko bakin ruwa, maza suna yi mata maganar ƙirji da fata, gobe kuma ta zauna jarrabawa. Wannan ya fi damuna, domin ba ta da wanda za ta faɗa wa.

Ku rage mata talla, musamman da yamma da lokacin jarrabawa. Idan ta dawo gida, ku duba littafinta, ku yabi amsar da ta ci kafin ku yabi kwalliyarta. Iyaye mata, a daina cewa "ke baƙa ce, wa zai ɗauke ki?" Daga nan ake fara shafa man bilicin, wanda hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kansa.

Idan ta ce malami ko wani babba yana yi mata maganar banza, ku yarda da ita tukuna, kada ku fara da tambayar me ta sa. Ku je wurin shugaban makaranta da kanku, ku rubuta ƙorafin, ku riƙe kwafi. Kada a cire ta daga aji saboda laifin wani.