Lauyan Talakawa: Gani Fawehinmi

A zangon Paraku da na Jugu, idan aka ce wa mutum an kai shi ƙara, sai gabansa ya faɗi. Yawancinmu ba ma jin Faransancin kotu, ga kuma tsoron kuɗin lauya. Wani ma gara ya haƙura da haƙƙinsa da ya taka ƙofar alƙali. Darasinmu na yau labarin wani lauya ne na maƙwabciyarmu Najeriya, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tsaya wa irin waɗannan mutane.

Sunansa Abdulganiyu Fawehinmi, amma kowa Gani yake ce masa. Bayarabe ne Musulmi, an haife shi a garin Ondo ranar 22 ga Afrilu, 1938. Mahaifinsa attajirin katako ne, shi ya tura shi Ingila karatun shari'a. Yana can uban ya rasu a 1963, kuɗi suka yanke. Gani bai dawo gida ba. Ya kama aikin wankin ban ɗaki a otal da shara, yana ci gaba da karatu da guminsa, har ya zama lauya a 1965.

A 1969 wani lebura a Jos ya yi kuka cewa wani babban jami'in gwamnatin jihar ya shiga tsakaninsa da matarsa. Wa zai ja da mai mulki a zamanin soja? Gani ya karɓi shari'ar bai nemi ko sisi ba. Aka matsa masa ya janye, ya ƙi. Jami'in ya sauka daga kujerarsa, shi kuwa Gani aka tsare shi watanni. Daga nan kurkuku ya zama kamar gidansa na biyu. A 1989 an kai shi gidan yarin Gashuwa, can kusa da iyakar Nijar, a 1996 kuma na Bauci.

Shari'ar da ta fi dacewa mu riƙe ita ce ta abokinsa Dele Giwa, ɗan jaridar da aka kashe a Legas ranar 19 ga Oktoba, 1986 da bam cikin ƙunshin wasiƙa. Gani ya nemi a gurfanar da waɗanda yake zargi. Aka ce masa ina ruwanka, kai ba ɗan'uwan mamaci ba ne. Ya bi maganar hawa-hawa har Kotun Ƙoli, a 1987 ta yanke cewa yana da ikon bin kadin jinin. Har yau ba a hukunta kowa kan kisan ba, abin da ciwo. Amma ƙofar da ya buɗe tana nan: ba sai kana da dangantaka da wanda aka zalunta za ka yi magana ba. A 2002 ma shi da Alhaji Balarabe Musa, tsohon gwamnan Kaduna, sun yi nasara a kan hukumar zaɓe, aka yi wa ƙananan jam'iyyu rajista.

Ya samu dukiya, musamman daga buga littattafan hukunce-hukuncen kotu da lauyoyi ke saye. Bai manta da wahalar Ingila ba, kowace shekara yana biya wa ɗalibai 'ya'yan talakawa kuɗin jami'a. Ɗalibai ne suka fara ba shi sarautar Babban Lauyan Talakawa, tun kafin hukuma ta ba shi tata sarautar ta Babban Lauya a 2001. A 2008 gwamnati ta ba shi lambar girma, ya ce ba ya so alhali talakawa na cikin ƙunci. Ya rasu ranar 5 ga Satumba, 2009, bayan fama da sankarar huhu. Allah ya jiƙansa.

To, mu nan Benin fa? Tsarin mulkinmu na 11 ga Disamba, 1990 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifin. Ya kuma ba kowane ɗan ƙasa damar kai kuka kai tsaye Kotun Tsarin Mulki da ke Kwatano idan an tauye masa haƙƙi. Akwai kotu a Jugu, akwai a Paraku, kuma wanda hukunci bai gamsar da shi ba yana iya zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Paraku.

'Yan sanda ba su da ikon tsare mutum fiye da awa 48 sai sun kai shi gaban jami'in shari'a ya ba da izini, ko an ƙara ma ba za a wuce kwana 8 ba. Saboda haka idan aka kama ɗan'uwanka, ɗauki biro nan take ka rubuta ranar, da ƙarfe nawa, da ofishin da aka kai shi. Takardar nan ita za ka fara miƙa wa lauya.