Maitokondiriyar Shinkafa da Furotin Ɗin da Take Ƙerawa

A cikin kowane tantani mai rai na shinkafa akwai wasu 'yan gaɓoɓi da ake kira maitokondiriya. Ɗalibai sun san su a matsayin murhun da ke ƙona sukari domin samar da ƙarfi. Abin da littattafan sakandare ba su cika faɗa ba shi ne, waɗannan gaɓoɓi suna da DNA nasu na kansu, da nasu ribozom, wato maƙerar furotin.

A shekarar 2002 masana a Japan suka karance DNA na maitokondiriyar shinkafa, suka tarar haruffansa sun kai 490,520, alhali na ɗan Adam 16,569 ne kacal. Duk da wannan tsawo, furotin ɗin da ake ƙerawa a nan bai wuce iri talatin da 'yan kai ba. Sauran duk daga umarnin cibiyar tantani suke, a waje ake ƙera su sannan a shigo da su.

Aikin kan fara ne da kwafe umarnin DNA zuwa RNA. Kafin saƙon ya isa ribozom sai a yi masa gyara: ana mayar da harafin C ya zama U a wurare kusan 500. Ni dai a ganina wannan mataki ya fi kowanne ban mamaki, domin kuwa mai gyaran daga cibiya ake turo shi.

To, me ya haɗa manomi da wannan? Shinkafa kanta take yi wa barbara, saboda haka haɗa aure tsakanin iri biyu a gona abu ne mai wuya ƙwarai. A 1970, a tsibirin Hainan na ƙasar Sin, mataimakin Yuan Longping ya gano wata shinkafar daji wadda bununinta ba ya haihuwa. Sai a 2013 aka fayyace dalili: maitokondiriyarta na ƙera wani baƙon furotin, WA352, wanda ke kashe tantanin da ke ciyar da bununi tun lokaci bai yi ba. Irin wannan shuka dole ta karɓi bununin wata. Idan uban yana ɗauke da ƙwayar gado mai suna Rf4, sai ta rage saƙon WA352 kafin ya kai ribozom, 'ya'yan su yi bununi lafiyayye su cika zangarniya. Da wannan dabara manoman Sin suka shiga noman shinkafa mai aure gadan-gadan daga 1976.